Allurar Da Wanzami Ya Ciro Daga Hannuna

A lokacin da abin nan ya same ni, ni mai ɗinkin hula ce a Gamboru, kuma ba yabon kai ba, dillalai har gida suke biyo ni. Yatsuna su ne gonata. Ina kuma fama da gyambon ciki shekara da shekaru, kullum da ƙwayar olsa a bakin zanina, daga kemis nake saye ba tare da wani likita ya duba ni ba. Wata maƙwabciyata ta ce nama da ƙwai da kifi duk suna tayar da shi, na watsar da su, har nono na daina sha. Kunu da tuwo miyar kuka, shi ke nan abincina.

Wata safiya ina tsaka da ɗinki sai na ga ɗigon jini a kan farar hula. Na duba, ashe allura ce ta shige mini yatsa ban ji ba. Dama kwanakin nan tafin ƙafata na yi mini zafi kamar na taka toka mai wuta, harshena ya yi ja ya yi sulɓi, in na miƙe sai jiri. Gwaggona da muke zaune gida ɗaya ta kalli hular ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, jifa ne, masu baƙin cikin sana'ata suka yi. Ni ma maganar ta yi mini daɗi, don ta nuna na isa a yi mini hassada. Ta kai ni wurin wani wanzami a bayan kasuwa.

Har gobe ban manta da ɗakin nan nasa ba. Ƙarnin jini, ƙudaje, tsumma guda da yake goge kowa da shi. Ya tsattsaga mini bayan hannu da aska, ya kafa ƙaho ya zuƙa da baki, da ya cire sai ga allura naɗe da gashi a cikin gudan jinin. Gwaggo ta hau salati, ni kuwa na fashe da kukan murna. Ya ce saura da yawa, sai na riƙa dawowa. Na yi ta komawa, yana ta ciro allurai, ni kuma ina ta ɗashewa. Tafiya ta fara gagarata, ina yi kamar wadda ke taka katifa, silifas ya zame daga ƙafata ban sani ba. Ya ce ai alamar maganin na aiki ke nan.

Ranar da asirinsa ya tonu, yana cikin zuƙar ƙahon sai tari ya sarƙe shi. Ya tofar da abin da ke bakinsa a kan cinyata: allura ce naɗe da gashi, jiƙe da miyau da jan goro, ga ƙahon kuma bai ma cire shi daga hannuna ba. Ya dube ni ko kunya babu, ya ce, "Hajiya, kin ga ƙarfin jifan, har bakina ta biyo." Nan na yi amai a kan tabarmarsa. Abin da ya fi ba ni takaici, gwaggo cewa ta yi in ba shi haƙuri.

Ƙanwata ce ta sa ni a keke napep ta kai ni asibiti. Likitar ta duba tabon askar da ke hannuna, sannan ta tambaye ni abin da nake ci da magungunan da nake sha. Da sakamakon gwajin jini ya fito, ta ce sinadarin bitamin B12 ne ya yi ƙasa sosai a jikina, shi jijiyoyi ke bukata, ana samunsa a abincin da na ƙaurace wa, kuma daɗewa a kan ƙwayar olsa na iya hana jiki tsotsarsa. Ta ce ciwon suga ma yana kawo irin wannan, haka wasu magunguna, in kuwa ɓarin jiki ɗaya ne ya mutu farat ɗaya ko baki ya karkace, to a ruga asibiti a take. Na tambaye ta ko yatsuna za su dawo. Ta ce, "Yaya, da kin zo tun ranar da kika ga jini a hular, da na ce miki e ba tare da shakka ba."

An yi mini alluran bitamin ɗin, jirin ya tafi, ƙafa ta dawo, na koma cin kifina. Amma babban yatsana da manuni na hannun dama har yau a sage suke. Wanzamin kuwa yana nan, in na wuce ta layinsu ina ganin takalman mata a ƙofarsa, sai in tofar da miyau in kau da kai.

Na koyi cewa ba kowane ciwo ne ke da maƙiyi a bayansa ba, nawa a kwanon abincina yake. Don Allah 'yan'uwa, duk wadda ta ji hannu ko ƙafa na sagewa, ta je a auna jininta kafin ta miƙa wa wani ya zubar da shi. Hular nan mai ɗigon jini tana nan cikin akwatina, rabi a ɗinke. Kwanaki na ɗauko ta in gwada, na daɗe ina laluben allura a kan tabarma, sai ƙanwata ta ce mini a hankali, ga ta nan a hannunki.