Matan Banda da Jan Alƙalamina

Har yau ban manta da ranar da Ajidan Hamidu, shugaban sashenmu a Gaya, ya ƙi sa hannu a rahotona na farko ba. Lokacin ina sabon ma'aikaci a ofishin da ke shirya wa gari abin da za a yi idan masifa ta afku, ko gobara, ko ambaliya, ko harin ƴan ta'adda.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, in an tura ka wuri, kana ƙirga ƙofofinsa, ka duba inda mugu zai iya shigowa ko ya ajiye kaya ba a gan shi ba, da inda jama'a za su bi idan an watse. Wurin da ya ba ka tsoro sai ka zagaye shi da jan alƙalami. Daga mu takarda take zuwa wurin perefe, wato babban jami'in mulkin yankin, abin da ya amince da shi kuma shi ake yi.

An tura ni wata ƙaramar kasuwa a bakin kogi, inda kwalekwale ke sauke mutane daga ƙetare. Na je da la'asar, rana tana narkewa a kan ruwa kamar man shanu, zuciyata cike da mafarkin zama jarumin da ya ceci garinsu, irin na littattafan da nake ɓoyewa a aljihun tebur. Bayan kasuwar na tarar da mata masu bandar kifi. Ga hayaƙi, ga tarin itace, babu ƙofa, babu mai gadi. Ban yi wa kowa magana ba. Na auna da taku, na yi zane, na koma ofis na rubuta cewa a tashe su, a ja katanga.

Ajidan ya karanta har ƙarshe, ya tambaye ni ko na san sunan mace ɗaya a cikin waɗanda zan raba da wurin abincinsu. Na ce a'a. Ya turo mini takardar.

"Gobe ka je ka wuni a can. In ka dawo da wannan ra'ayi, zan sa hannu."

Da hantsi na isa. Babbarsu, Inna Zalika, ba ta ko ɗago daga kan tarun kifinta ba.

"Ɗana mai taku, ka dawo? Yau ma ba za ka gaishe mu ba?"

Matan suka fashe da dariya. Ashe tun kafin in bar wurin rannan, sun aika wa mai unguwa cewa ga wani dogon baƙo mai shuɗiyar riga yana auna bayan kasuwa, bai yi sallama ba, bai taya kifi ba. Mai unguwa ya kira jandarma, su kuma suka kira Ajidan. Ni da aka aika neman ɗan ta'adda, ni aka kai ƙara.

Ta ba ni kujera da kan kifi mai zafi. Na ga yadda suke yi. Duk wanda ya sauko daga kwalekwale sai ya ratsa tsakaninsu. Wata ta gaishe shi da Dandanci, wata da Hausa, sannan a tambaye shi cikin wasa baƙon wane gida ne. In ya ambaci gida, a cikinsu akwai wadda ta san matar gidan. Kaya kuwa ba ya zama a ƙasa babu mai shi.

Na gaya mata abin da na rubuta. Ta juya kifi.

"In kun tashe mu, katangar ce za ta tambayi mutum wurin wa ya zo?"

Sannan ta kama hannuna ta nuna mini abin da ke hana ta barci: masu sayar da isansi, wato fetur, a kwalba sun matso har jikin itacensu, kuma wani ya toshe lungun da ake fita zuwa babban titi da buhunan albasa. Duka biyun na wuce su ban gani ba.

Na sake rahoton. A bar matan inda suke, a ba su lambar da za su kira kai tsaye, a nisanta isansi da wuta, a buɗe lungu. Ajidan ya sa hannu, perefe ya amince, ba a tashi mace ko ɗaya ba.

Ku ƙannena da kuka shigo aikin nan, taswira ba ta nuna wanda yake tsaron wuri don ƙaunarsa. Kafin ku zagaye wuri da ja, ku yi sallama, ku zauna, ku tambayi masu wuni a can abin da suke tsoro.