Ranar da Na Ƙara wa Ordinatar Wuta

Sana'ata tattasai. Ina saye a bakin kogin Komadugu daga hannun manoma, in shanya, in ɗura a buhu, in loda wa motocin Damagaram. Ba wanda ya bar mini gado. Da buhu biyu a bayan keke na fara. A kasuwar Diffa an san ni da abu ɗaya, ba a cuta ta. Ina sa hannu a buhu in gaya maka ko an yayyafa masa ruwa don ya yi nauyi. Idan na ce kayan mutum ba su da kyau, ba a ƙara tambayar kowa. Na daɗe ina jin daɗin wannan suna.

Akwai kuma wani hali da na ɗauko daga gonaki. Injin ban ruwa, wanda muke cewa motopom, yana da wani ɗan ƙarfe a gefe mai riƙe gudunsa. Masu ƙera shi sun ɗaure shi a wuri ɗaya. Tun ina saurayi na koyi sassauta shi, sai injin ya ƙara ƙugi, ruwa ya ƙara zuba. Duk motopom da ya shigo hannuna sai na taɓa wannan ƙarfen, na manoman da nake saye a wurinsu ma haka. Na yi imani kowane inji yana zuwa da ƙarfi a ɓoye, masu kamfani ne kawai ke rowa.

Babbar ƴata tana karatun zanen gine-gine a Damagaram. Da ta zo hutu lokacin zafi ta ce aikin ƙarshen shekara yana buƙatar ordinatar, wato kwamfuta, irin ta hannu, mai katin girafik mai ƙarfi. Na tambaye ta mene ne shi. Ta ce wani sashe ne a ciki, shi ke zana hoto, shi ke sa gini ya fito da bango da inuwa kamar an riga an gina shi.

Na tafi wurin wani mutum da ke gyaran waya da ordinatar a gaban shagon wani mai yadi. Babarbare ne daga tsallaken kogi, sa'ana ko ya ɗan girme ni. A shekarar da rikici ya sa aka yi gudun hijirar nan ya tsallako da iyalinsa, suka zauna a Assaga cikin bukkar zana a bakin titi. Daga can ya riƙa shigowa gari da jakar kayan aiki a kafaɗa, har mai yadin ya yarda ya ajiye tebur a inuwarsa. Wannan teburin da kujera ɗaya su ne duk abin da ya tsayar a nan. Ta hannunsa aka kawo mini ordinatar sabuwa a kwalinta, ya yanke ledar a gabana.

Da yake nuna wa yarinyar yadda take aiki, na tambaye shi abin da nake tambaya a kan kowane inji.

"Malam, iyakar gudunta ke nan, ko akwai saura?"

Ya yi dariya. "Alhaji, kai da injuna! Akwai saura. Ana ƙara wa katin wuta. Amma kwamfuta ba motopom ba ce. Fankarta bai fi tafin hannun jariri ba, ga zafin garin nan. A bar ta yadda ta zo."

Na ce to. A raina na ce shi ma ya koyi rowar kamfani.

Kwana biyu ina kallon ƴata tana aiki a tsakar gida. Ta zana wata makaranta mai azuzuwa shida. Idan ta danna don hoton ya fito, sai ta tashi ta wanke kwanoni, ta dawo bai gama ba. Wannan jiran ya tsaya mini a wuya. Na sayi abu sabo, yana tafiya kamar jakin da ya sha rana.

Ranar Alhamis ita da uwarta suka tafi suna a wata unguwa. Na ɗauki ordinatar na tafi da ita sito, inda ba mai damuna. A ranar ana niƙa tattasai a bayan siton, iska duk ta yi ja, amma ni hancina ya daɗe da daina jin wannan. Na ɗora ta a kan buhu. Na nemo wani bidiyo a waya, wani saurayi yana bayani da Faransanci. Faransancina na kasuwa ne, amma hannunsa nake bi. Na saukar da manhajar da ya nuna. Sai ga wasu sanduna a allo, kowace da ɗan maɓallin da ake ja zuwa dama. Saurayin yana ja kaɗan, ya gwada, ya ƙara kaɗan. Ni ba ni da lokacin kaɗan-kaɗan. Na ja biyu har ƙarshe. Akwai wani ɗan akwati da aka ce idan an danna shi, gyaran zai riƙa tashi da kansa duk lokacin da aka kunna. Shi ma na danna. Fankar ta ɗauki ƙugi, irin ƙugin da na sani a bakin kogi. Na ji daɗi ƙwarai. Na bar ta tana ƙugi a kan buhun har la'asar, sannan na mayar da ita inda na ɗauko.

Washegari ƴata ta ce, "Baba, yau ta yi sauri. Amma tana zafi kamar murhu."

Na ce, "Sabon inji ne, yana warwarewa."

Ranar Lahadi bangon makarantarta ya fara fitowa da layuka kore da shuɗi. Allon ya yi baƙi. Ta sake kunnawa, minti biyu ya sake mutuwa. Aikinta bai ɓace ba, tana da shi a kile, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa ordinatar, wanda take rataye da makullanta. Amma ta zauna tana kallon baƙin allon.

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Na san abin da na taɓa. Ba zan ce ban sani ba. Amma mutumin da garin nan ya sani da cewa ba a cuta tasa, ya tsaya gaban ƴarsa ya ce ya lalata abu sabo da hannunsa, bakina ya ƙi. Na fara gaya wa kaina cewa inji mai kyau ba zai mutu don an ja sanda biyu ba, lalle dama can da ciwonta. Kafin azahar na yarda da maganata.

Ranar kasuwa na ɗauke ta na tafi wurin mai gyaran, da hantsi, lokacin da layinsu ya cika. Mutum uku na tsaye gaban teburinsa da wayoyinsu. Ban yi sallama ba. Na dire ta a gabansa.

"Tsohuwa ka sa mini a sabon kwali!"

Ya miƙe. "Alhaji, sannu da zuwa. Zauna mu duba."

"Ba zama na zo yi ba. Kwana nawa? Ko mako biyu ba ta yi ba! Mun ba ku wuri, mun ba ku inuwa, abin da za ku saka mana da shi ke nan?"

Wannan "ku" ɗin shi ya fi komai muni. Ban shirya shi ba, amma daga bakina ya fito. Mai yadi ya leƙo daga shagonsa. Mutumin bai ɗaga murya ba. Ya ce in bar masa ita kwana biyu. Ina juyawa na ga ɗaya daga cikin mutum ukun ya mayar da wayarsa aljihu, na biyun ma ya bi shi.

Kafin yamma maganar ta zaga kasuwa. Ba a ce wani ya yi ƙorafi ba, an ce Alhaji mai tattasai ya kama shi. Wata mata ta je ta karɓe wayarta ba a gama gyara ba. Da na wuce ta layin kwana biyu bayan nan, teburin ba kowa. Mai yadi ya tare ni ya ce ya faɗa wa mai gyaran ƙarshen wata ya nemi wani wuri, shi ba ya son abin kunya a ƙofar shagonsa. Ya faɗa yana jiran in yaba masa. Na gyaɗa kai na wuce.

Ranar Juma'a bayan la'asar mai gyaran ya yi sallama a ƙofar gidana, ordinatar a hammata. Na shimfiɗa tabarma a zaure. Ya kunna ta. Ta tashi lafiya, ba ƙugi, ba layuka.

"Ba abin da ya ƙone," in ji shi. "Allah ya kiyaye. Idan zafi ya yi mata yawa, kashe kanta take yi."

Ya ciro wata ƴar takarda a naɗe daga aljihu, ya buɗe a kan tabarma. Jar ƙura ce, kamar rabin cokali.

"Daga cikin fanka na fitar. Da na hura, atishawa bakwai na yi. Maƙwabcina ya ce ko miya nake gyarawa."

Ban yi dariya ba. Ya juyo da allon wayarsa wajena, ya nuna mini hoton da ya ɗauka kafin ya goge manhajar. Ga sandunan nan biyu, an ja su har bango.

"Wanda ya ja waɗannan, har ƙarshe ya ja su," ya ce, yana kallon tabarma, ba ni ba.

Na ce, "Yaran yanzu, komai sai sun taɓa. Wataƙila yarinyar ce."

Na riga na ɗora wa baƙo, yanzu na juya kan ƴar cikina. Ashe tana bayan ƙofa da shayin da uwarta ta aiko. Ta shigo ta durƙusa ta ajiye tire, ta gaishe shi. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba:

"Baba, ni ban taɓa shiga sito da ita ba."

Ta tashi ta koma ciki.

Muka zauna, shayin yana hucewa. Na ce masa ni ne. Na faɗa masa ranar, da buhun da na ɗora ta a kai, da saurayin bidiyon. Na ce ya yafe mini. Na ce zan yi wa mai yadi magana a gefe, kuma in yana so in nema masa shago nasa na kansa, da ƙofa da makulli.

"Na yafe, Alhaji," ya ce. "Amma shago ba zai yi mini komai ba. A can na bar shago, da ƙofa da makulli. Abin da na tsallako da shi kawai shi ne idan na ce abu sabo ne, a yarda. A zaure ka faɗa mini gaskiya. Waccan maganar kuwa a kasuwa ka yi ta."

Ya sha shayin don kada ya raina gidan, ya yi sallama.

Kwana huɗu ne tsakanin Juma'ar da ranar kasuwa. Na nemi hanyar da zan kauce. Na yi tunanin in aika wani ya baza labari cewa an sasanta. Na yi tunanin in ce kuskure ne na kamfani. Amma na san kasuwar nan. Idan na ce buhu jiƙaƙƙe ne, babu mai busar da shi sai ni.

Na tafi da hantsi, daidai lokacin da na je wancan karon. Na tsaya gaban teburin. Na kira mai yadi ya fito, na kira mai shayi da masu takalma na gefe. Na ɗaga murya daidai yadda na ɗaga ta a baya, don kada wanda ya ji waccan ya ce bai ji wannan ba.

"Jama'a, makon jiya na tsaya nan na ce mutumin nan ya cuce ni. Ƙarya na yi masa. Ordinatar sabuwa ce. Ya ce kada a ƙara mata wuta, na ƙara. Na kai ta sito ta sha tattasai. Na sani, kuma na zo na ɗora masa. Abin da na faɗa game da mutanensu ma, ban kyauta ba."

Sai mai shayi ya ce, "Alhaji, motopom ka mayar da ita? Ruwa nawa ta ja?"

Layin ya fashe da dariya. Wani ya ce a ɓoye rediyo kada in ƙara mata gudu. Na tsaya na sha, ban motsa ba, don duk wanda ya yi dariyar zai kai ta gida, ya kai gaskiyar tare da ita. Mai yadi ya yi ta shafa gemu, daga baya ya ce shi dama bai yanke magana ba. Mai gyaran yana zaune yana kwance wata waya, bai ɗago ba sai da na gama. Ya ce, "Allah ya yafe mana duka," ya ci gaba da aikinsa.

Teburin yana nan har yau, a inuwar mai yadi. Masu kawo gyara sun dawo, amma ba duka ba. Matar da ta karɓe wayarta ba ta zo kasuwa ranar da na yi maganata ta biyu ba, kuma na sha ganinta a wani tebur can gaba. Ƴata ta gama makarantarta mai azuzuwa shida a kan wannan ordinatar, da gudun da ta zo da shi, tana wanke kwanoni kafin hoton ya fito. Ba ta sake ta da maganar zauren ba, ni ma ban iya ba.

Ni kuwa sunana ya sauya kaɗan. Kwanaki na sa hannu a buhun wani manomi na ce an jiƙa shi. Ya dube ni ya ce a kira wani ya taɓa. Da can ba mai faɗa mini haka. Na ce a kira.