Wasiƙar da Ta Durƙusar da Mahaifina

Rannan da la'asar ina tsintar shinkafa a tsakar gida, ɗana na zaune bakin ƙofa da wayarsa, sai na ji kalangu ya tashi daga cikinta. Faifan ya kusa suɓuce mini. Na tambaye shi mene ne wannan, ya ce wani shiri ne da wasu samari biyu ke ɗauka a nan Dutsin-Ma su sa a intanet, suna hirar ƙwallo da dambe, kowa ya saurara sa'ad da ya ga dama. Na ce ya rage murya. Bai san dalili ba, kai ma mai karatu ba ka sani ba. To bari in gaya maka, don abin ya daɗe yana cina.

A wani ƙauye na ƙasar Kutawa aka haife ni, gidan mahauta. Baba ɗan dambe ne a ƙuruciyarsa, kuma ba ƙarami ba, amma ni ban riski wannan zamanin ba. Abin da na tarar shi ne mutum mai shiru, mai allo da tasbaha, wanda gaɓoɓin yatsunsa na dama suka kumbura ba su koma ba. Inna ce ta gaya mini da murya ƙasa-ƙasa cewa wata shekara ya doki wani mutumin Kurfi a gindin kunne, mutumin ya faɗi, da ya tashi bai ƙara komawa daidai ba, kansa na rawa, magana ba ta fita sosai. Baba ya dawo gida ya kwance igiyar hannunsa ya jefa a murhu, ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani a gaban liman, ya rantse ba zai ƙara ɗaga hannu a kan ɗan'adam ba. Daga nan ya koma karatu da gemunsa.

Da girma ya koyi ajami, kuma da hannun nan da dambe ya lalata, saboda haka rubutunsa yakan karkata kamar gero bayan iska. Ni ce ɗiyarsa ta fari, namiji bai zo ba sai can baya, sai ya zaunar da ni ya koya mini. Yaro bai san abin ɗauka da abin bari ba. Na kwashe duka, har karkatar.

Akwai rediyo a gidanmu, Baba ya saye ta don labarai da tafsiri. Amma duk ranar Juma'a bayan la'asar takan zama ta gari, don a lokacin ake shirin wasanni. Tun da hantsi nakan jera batura a kan rufin rumbu su sha rana, har yau ina jin warinsu a yatsuna. Maza su taru a gindin darbejiya, a sa rediyon a tsakiya kamar kwanon tuwo. Har malamin firamarenmu, wani Kirista mutumin kudu, yakan zo da kekensa don ya ji labarin ƙwallo, ana tsokanarsa ana cewa ƙungiyarsa ko akuya aka sa mata a raga ta fi mai tsaron gidansu. Shi kuma ya ce da su, "Ku da ba ku taɓa ganin filin ba sai da kunne!"

Gaskiyarsa, da kunne muke gani. Mai shirin ya iya baki. Sai ya ɗauki wasan da aka yi shekara goma ya shimfiɗa maka shi har ka ji gumin 'yan wasan. Amma abin da ya fi kama mutane shi ne wasiƙun masu sauraro. Mutumin da bai taɓa wuce kasuwar Dutsin-Ma ba sai ya ji an ambaci sunansa da na ƙauyensu, ƙasa duka na ji, ya kwana bakwai yana tafiya da ƙafa ɗaɗɗaya. Tsohon da ba ya iya ɗaga damin gero shi ke yanke wa zakaru hukunci. Idan wasiƙa ta zo da ajami, mai shirin yakan ce, "Wannan ta dattawa ce, a gyara zama." Ni kuwa ina bayan zana da turmina, ina daka a hankali don kada kalma ta wuce ni.

Wata Juma'a cikin damina, gero ya fara ɗaukar ciki, aka karanta wasiƙa daga Kurfi. An ambaci sunan Baba da laƙabinsa na fage. Mai wasiƙar ya ce mahaucin Kutawa ba tuba ya yi ba, tsoro ne. Ya san ƙanen wanda ya nakasa zai girma, shi ya sa ya ɓuya bayan allo. Mai shirin ya yi dariya ya ce, "To mutanen Kutawa, kun ji. Ko da mai amsawa?"

Baba ya ce, "Allah ya shirye mu baki ɗaya." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ni ce ban iya haɗiyewa ba. Shekarata goma sha biyu, kuma a wurina babu namiji a duniya sai Baba. Washegari na ɗauki alƙalaminsa na kara da tawadarsa, na yagi takarda, na rubuta da sunansa. Na ce hannun da ya kayar da yaya yana nan, ƙane ya jira a yanke gero. Layi huɗu ne. Akwai wani tela a Dutsin-Ma da ke tattara wasiƙun masu sauraro yana aikawa. Ranar kasuwa na raka Goggo sayar da daddawa, na zame na miƙa masa, na ce Baba ya ce a ba shi. Ya buɗe ya duba, don ya san rubutun Baba.

"Hannunsa ne kuwa! Allahu akbar, zaki ya farka."

Wallahi abin da na zata shi ne mutanen Kurfi za su ji su kama bakinsu, magana ta ƙare.

Bayan Juma'a biyu aka karanta. Na ji muryar mai shirin tana furta kalmomina ɗaya bayan ɗaya, yana ƙara musu gishiri, sai taɓarya ta yi mini nauyi. Ta ɓular zana na ga tasbahar Baba ta tsaya a hannunsa. Wani amininsa ya ce, "Malam, da gaske ne?" Baba ya ajiye tasbahar a cinyarsa. Ya ɗaga kai ya dubi wajen zanar, sannan ya ce, "Ai kun ji an karanta."

Daga ranar barcina ya lalace. Ƙanen wanda ya nakasa ya aiko da amsa ya ce ya karɓa, a haɗu a Kurfi ranar kasuwar farko bayan girbi. Kowace Juma'a mai shirin sai ya buɗe da ƙidaya: saura mako shida a yanke gero, saura biyar. Ya siffanta mana saurayin, ya ce buhun yashi yake duka har ya fashe, ya ce ya kayar da mutum uku a kakar bara. Wasiƙu suka yi ta zuwa, rabi na Kurfi rabi na wajenmu, kowa na zuga. Masu sauraro suka ƙaru har daga ƙauyukan kusa, malamin firamare ma ya daina tambayar ƙwallo. Mutane na jin daɗi, kai mai karatu, daɗi na gaske, ba don mugunta ba. Sun sami abin magana ne a bakin gona da bakin masallaci, kuma a kunne ba a ganin jini.

A cikin gida kuwa kamar an yi mutuwa. Inna na daka tana share hawaye da gefen zane. Liman ya zo da kansa ya tuna wa Baba rantsuwarsa, Baba ya ce bai manta ba. Ni na san lissafin: in ya ɗaga hannu ya karya rantsuwa da Alƙur'ani, in bai ɗaga ba saurayin nan zai mayar da shi kamar yayansa, ko ya fi haka. Baba ya haura arba'in, ga tari da ke damunsa. Nakan tsaya bakin gona in dubi zangarniya tana ƙosawa, in roƙi Allah kada ta nuna, sai in tuna yunwa nake roƙar wa gari, in yi istigfari. Sau nawa na kai masa ruwan alwala da niyyar in faɗi, sai in ajiye buta in juya. Shi kuwa kullum da safe sai ya karɓi allona ya duba rubutuna, ya daɗe yana dubawa, ya miƙo mini.

Gero ya nuna, aka yanke. Gari ya cika da ƙanshin tumu a wuta. Ranar kasuwar Kurfi Baba ya ce da Inna zan raka shi in gaida dangi. Amma da muka sauka daga mota bai kai ni gidan kowa ba. Ya bi da ni wata gona da aka share a bayan kasuwa, inda jama'a suka yi da'ira, ya zaunar da ni cikin mata masu fura, wurin da ake ganin fage sosai.

"Zauna nan," in ji shi. "Kada ki rufe ido."

A nan na gane ya sani.

Na ga mai shirin, ɗan ƙaramin mutum da hula a karkace da akwatin ɗaukar magana a rataye, ni da nake zaton ƙato ne. Sai makaɗa suka saki taken Baba. Ban taɓa jin sa ba, amma jikinsa ya gane shi. Na ga kafaɗarsa ta motsa, jijiyar wuyansa ta tashi, idonsa ya zama na wani mutum da ban sani ba. Wannan ya fi komai ba ni tsoro, don ashe wancan mutumin bai mutu ba, kwance yake.

Saurayin ya shigo, hannunsa ɗaure da igiya, layu a damtse. Baba ya tuɓe riga ya shiga da hannu tsirara. A dambe, duk wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa an kashe shi, wasa ya ƙare. Saurayin ya rage tsawo, ya miƙa hagu, ya ja dama baya. Baba ya tsaya ya dube shi. Sannan a hankali ya kai gwiwa ɗaya ƙasa, ya kai ta biyu, ya dafa ƙasa da tafukansa, ya sunkuyar da kai. Gindin kunnensa na fili.

Kalangu ya mutu. Hannun nan mai igiya yana sama, kuma babu abin da ke tsakaninsa da kan Baba. Shekara da shekaru saurayin na jiran wannan ranar. Ban rufe ido ba. Sai wata murya ta fito daga gefen fage, a karye, da ƙyar ake gane ta. Wani mutum ne a kan tabarma, kansa na rawa.

"Ƙanena... ya isa."

Hannun ya sauko. Saurayin ya tofar da yawu ya juya. Jama'a suka ɗauki eho, wasu na jifa da kara. Baba ya tashi ya kaɗe gwiwa, ya ratsa su ya je ya tsuguna gaban mai tabarmar, ya riƙe hannunsa da hannu biyu. Ban ji abin da suka ce ba.

A hanyar tasha kuka ya ƙwace mini, na ce, "Baba, ni ce."

"Na sani tun ranar da aka karanta. Telan ya san rubutuna, kuma hannu biyu ne ke rubutu haka a duniya."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Da na ce ba ni ba ne, da sun nemi mai shi, su kai ta rediyo. Sunana ya saba da bakin mutane, ya yi kanta. Naki ko fara tafiya bai yi ba."

Bai doke ni ba, ai ya rantse. Abin da ya yi shi ne Juma'ar da ta biyo ya sa na kawo rediyo da kaina, ya ce in zauna bakin zaure in saurara. Na ji an saka ehon jama'a, na ji wasiƙun ba'a, har daga mutanenmu da suka zuga. Mako huɗu ana yi, yana zaune yana jan tasbaha. A na biyar aka fara wata gasar ƙwallo, ba a ƙara ambatonsa ba.

Baba ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa. Ni ina koyarwa a wata Islamiyya, kuma na ɗauka maganar ta bi shi kabari. Sai rannan da na ce ɗana ya rage murya, na ga fuskarsa ta canja, yatsunsa na gudu a kan waya. Na ce me yake rubutawa. Ya ce samarin nan suna hirar tsofaffin 'yan dambe, sun ce kakansa tsoro ya durƙusar da shi a Kurfi, shi kuma zai ba su amsar da ba za su manta ba. Na kama hannunsa na riƙe. A zamaninmu wasiƙa takan yi Juma'a biyu a hanya, kana da sararin nadama, ni kuwa ban yi ba. Tasa kuwa da zarar ya taɓa waya ta tafi.

Na ce ya goge, ya kai ni wurinsu.

Wani ɗan ɗaki ne a bayan shagon gyaran waya, an manna katifu a bango. Yaran suka durƙusa suka gaishe ni, masu ladabi ne, ba su san kowa a labarin ba, ji suka yi su ma. Suka matso mini da abin magana. Na san ɗalibaina za su ji, iyayensu za su ji. Ɗayansu ya ce, "Malama, me kika sani game da wasan nan?"

Na yi bisimilla na ce, "Ni na rubuta wasiƙar."