Sawun da Inna Ta Ɗiba

A gidanmu ba a barin matafiyi ya fita haka nan. Da ya taka bakin ƙofa sai uwarsa ko matarsa ta duƙa ta ɗebi ƙasar sawunsa, ta ƙulle a tsumma ta tura ƙarƙashin randa. Wai ƙasar ce ke jawo shi gida. Ranar da ya dawo sai a kwance ƙullin a zubar. Malamin unguwarmu ya yi faɗa a kan wannan har ya gaji. Matan sai su ce, "To, Malam," su ci gaba da abinsu.

Ƙarƙashin randar Inna, mahaifiyata, akwai wani ƙulli da ban taɓa ganin an kwance ba. Na yayana ne, ɗanta na fari, wanda Nasara suka kwasa soja lokacin yaƙin Jamus. Ina ƙarami sa'ad da aka tafi da shi, ko fuskarsa ban riƙe ba. Inna kuwa ba ta faɗin sunansa, kunyar ɗan fari. In ta kama dole sai ta ce "wancan".

Da kakar shekarar da Nasara suka ba mu ƙasarmu, wani falke ya kawo labari kasuwar Cadawa. Ya ce a Gidan Rumji akwai wani tsohon soja mai taɓin hankali da ke zama kusa da mahauta, ba ya magana, kuma zanen fuskarsa ba na Gobirawa ba ne, irin namu ne na Katsinawa. Da na faɗa wa Inna sai ta ci gaba da daka, alhali garin ya daɗe da yin laushi. Mahaifinmu ya rasu, ni ne namijin gidan, don haka ba sai an ce mini je ka ba.

Keke guda ne a unguwarmu, na Soja. Haka kowa ke kiransa. Rana ɗaya aka kwashe su da yayana, shi ya dawo yana ɗingishi, ya sayi keken nan da ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kai. Ban ma roƙe shi ba, don na san amsar. Sai ga shi ya turo keken har ƙofarmu.

Ni da nake ji da kaina na iya keke, ashe hawan kasuwa na iya, na burge 'yammata. Soja ya kai ni cikin rairayi bayan gari, na kife sau ba iyaka, yana tsaye yana cewa in tashi, ƙasa ba ta cizo. Ya koya mini yin faci: yadda ake tsoma robar ciki a ƙwaryar ruwa a ga inda take tsatsa, da yadda ake laluba cikin taya da yatsa a zaro ƙayar tsidau. Ya sa na riƙa ɗaure bakin wandona da zare kada sarƙa ta cafke. Ya ce in na wuce Maraɗi da Tibiri in saɓa keken a kafaɗa wajen gulbi, kuma in Bagobiri ya tsokane ni in rama da baki, ban da hannu. Inna na can tana kirɓa mini dakuwa.

Wata la'asar na dawo daga gwaji na tarar da ita tsaye tana kallon layin da taya ta ja a ƙasa. Ta ce, "Abin ga ba shi da sau. Ja ɗai yake yi kamar maciji. Mi za ni ɗiba?" Na yi dariya na ce ta ɗebi na tayar. Ba ta yi dariya ba, ta shige ciki.

Soja na tsugune yana ɗiga man gyaɗa a sarƙa. Bai ɗago ba ya ce, "Ƙanena, bar yi mata dariya. Ba ka san abin da ya hwaru ba."

Ya ce ranar da aka tafi da su, igiya ɗaya aka jera su. Mata suka fito suna kuka, kowa na bin bayan nata tana ɗibar sawu. Inna ba ta iya ba. Ina za ta duƙa wa sawun ɗan fari a gaban jama'a? Ta laɓe bayan zana har layin ya yi nisa, sannan ta fito.

"Na waiwaya na gan ta tana ɗiba," in ji Soja. "Ni ke bayan yayanka, inda duk ya taka nan nike takawa. Ni uwata ta rasu tun ina goye, babu mai ɗibar mani. Kuma ni na dawo."

Na ce ai Allah ke maido da bawansa. Ya ce haka ne, ya ci gaba da juya feda da hannu. Sai lokacin na gane abin da na daɗe ina gani: duk sallah Inna na aika masa tuwo, amma in ya gaishe ta, ƙafafunsa take kallo.

Ranar tafiya, bayan sallar asuba, na fito na tarar ta share ƙofar gida tas, ta yayyafa ruwa, ta kore kaji, ta hana kowa giftawa. Soja ya tsaya can tsallaken hanya riƙe da keken, ya ƙi matsowa ko taku ɗaya. Ta ce in tuɓe takalmi. Na taka ƙasar nan mai danshi, ta duƙa a gaban kowa, ta riƙe idon sawuna da hannu ɗaya, ba ta sake ni ba sai da ta ɗiba da ɗayan. Tana duƙe ta ce, "Ka dubi ƙahwarshi ta hagu. Hauya ta cire mishi ƙaramin yatsa."

Na yi tafiyar. Na yi faci har na daina jin haushi, na tura keken fiye da yadda na hau shi. Na sami mutumin inda falke ya ce, zane irin namu kuwa, babu ko tantama. Na gaishe shi, na kira sunan yayana, bai ko kalle ni ba. Na tsuguna na dubi ƙafar. Yatsunsa cif. Na ajiye masa sauran dakuwar, na zauna kusa da shi na yi kuka, ban san ko na wa ba.

Inna na bakin ƙofa ranar da na dawo. Ta dubi bayan keken, babu kowa. Ta yi mini sannu da hanya, ta shiga ta ɗauko ƙullina ta kwance ta zubar. Sannan ta koma ta fito da tsohon, tsumman ya yi baƙi don daɗewa. Ta tsallaka hanya har inda Soja yake, ta dube shi a fuska.

"Karɓi ƙasarka," ta ce. "Ai ka dawo tuntuni."

Ya karɓa da hannu biyu. Har ya rasu ban ga ya kwance ba.