Bindiga Mai Takunkumi

Da sunan Allah nake farawa, wanda yake jin abin da kunnen mutum bai kai gare shi ba.

Yayana maharbi ne. Ni allo aka ba ni, shi aka ba shi bindigar mahaifinmu, kowa ya riƙe abin da aka miƙa masa. Bindigar toka ce doguwa, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda. In ta tashi a dajin da ke bayan garinmu, a ƙasar Maradun, har kajin gida sai sun watse. Matarsa ta san muryarta a cikin bindigogin garin duka. Tana cikin daka sai ta tsaya da taɓarya a sama, ta ce, "Ta maigida ce," ta je ta ɗora tukunya.

Nakan tsokane ta, da yake akwai wasa tsakanin ƙanen miji da matar wa. "In ya kuskure fa? Ruwan zafi za mu sha?"

"Kai dai wanke hannu, malamin tsoro. Wanda bai iya riƙe kaza a yanka, shi ka maganar kuskure."

Akwai abin da kowa ya sani a garin, har mata da yara. Harbi ɗaya nama ne. Amma in aka ji harbi, aka jima gwargwadon ɗurin bindiga, aka sake jin wani daga wuri guda, to maharbi ne ke kira, ya gamu da abin da ya fi ƙarfinsa. Duk namijin da ya ji zai ajiye abin da ke hannunsa ya nufi wurin. Da wannan kiran aka taɓa ɗauko mahaifinmu ran da maciji ya sare shi.

Sai aikin dam na Bakolori ya zo. Ba zan tsawaita a kansa ba, waɗanda suka gani sun sani. Ruwa ya ci gonarmu ta fadama. Muka tashi da mu da mafi yawan mutanen garinmu, muka zauna kusa da dangi tsakanin Talata Mafara da Bakura, inda katafila ke tumɓuke itatuwa tana baje ƙasa. Daji ya tafi, namun daji suka bi shi. Yayana ya rataye bindigarsa, ya koma zaman bakin zaure yana kallon motocin yashi.

Yana nan sai aka zo nemansa. Wani Bature ne mai kula da gonar gwajin shinkafa, tsuntsayen ruwa irin su dinya da kirinjijiya sun dame shi, gafiya kuma tana huda masa gefen hanyar ruwa. Ya ce ba ya son bindigar toka, don harbi ɗaya take yi tsuntsaye su tashi gaba ɗaya, an jima su dawo. Sai ya ba yayana tasa.

Ƙarama ce, ba nauyi, harsashinta bai kai ƙaramin yatsa ba. A samanta akwai madubin hangen nesa, a cikinsa wasu siraran zare biyu sun gitta juna. A bakinta kuma an murɗa wani baƙin ƙarfe mai kama da gaɓar rake. Tafintan Baturen, wani Kirista mutumin kudancin Zariya da ke zaune a Talata Mafara, ya ce shi ne ke haɗiye ƙarar. Leburori suka sa wa ƙarfen suna takunkumi. Tafinta ya ja wa yayana kunne: ya goge ko'ina, amma kada ya taɓa kwance takunkumin, Bature ne zai riƙa kwancewa yana wankewa da kansa. Yayana mutum ne mai riƙe amana, bai taɓa ba. Baturen kuwa aiki ya yi masa yawa, ya manta.

Yayana ya gwada mini ita a bayan gida. Ya ɗora ƙwallon goriba a kan suri, can nesa inda da ƙyar nake ganinsa, ya dawo ya durƙusa ya sa ido a madubin. Na toshe kunnuwana. Abin da na ji bai wuce a karya busasshen kara ba. Goribar ta yi tsalle. Jakin da ke ɗaure kusa da mu ko kai bai ɗaga ba.

Na ce, "Subhanallahi."

Ya ce, "Bindiga ce ta kirki, ba ta ƙarya. Inda zaren ya zauna, nan take zuwa." Ya shafa ta. "Amma in na harba ta, kamar ɓarawo nake ji."

Nama ya dawo gidan. Sai dai yanzu yakan shigo da dinya a rataye ya tarar murhu a mace, don matarsa ba ta da yadda za ta san ya samu. Ita ta sa wa bindigar suna bebiya. "Bebiyarka ta yi aiki yau? To ka riƙa aiko tsuntsu guda da rai shi gaya mini." Wata rana ina zaune ta daina dariya, ta ce ya riƙa tafiya da tsohuwar bindigar ma, ko don kira.

Ya ce, "Jaki ne ni da zan ɗauki bindiga biyu? Kuma wane daji ya rage? Fili ne fetal. In na tsaya can, daga ƙofar ɗakinki kina ganina."

Da bazara ne abin ya faru, lokacin da ƙasa ke ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Ya fita bayan sallar asuba kamar kullum. Hantsi ya yi bai dawo ba, azahar ta wuce. Da la'asar muka bazu. Muka zagaye gonar shinkafar, muka bi hanyar ruwa sama da ƙasa muna kira, muka tambayi masu gadi. Ba wanda ya ji komai. Ba wanda ya tuna da ramukan da ke bayan gonar, inda aka ɗebi ƙasar da aka yi gefen hanyar ruwa, masu zurfi da bango a miƙe. Ba mu san wurin ba, baƙi ne mu a ƙasar, ƙasar ma baƙuwa ce ga masu ita.

Sai washegari, rana ta take, wani Bafillace da saniyarsa ta ɓata ya leƙa ɗaya daga cikin ramukan.

Da igiya aka saukar da ni. Ya bi dinyar da ya ji wa rauni ne, bakin ramin ya zabtare da shi. Cinyarsa ta karye, leɓunansa sun tsattsage, amma yana numfashi. Kewaye da shi kwanson harsashi ne a warwatse, 'yan ƙanana, rawaya, kamar an zubar wa kaji hatsi. Bai bar ko ɗaya ba. Tafin hannunsa na dama ya saluɓe. Ya yi ta murɗa takunkumin ne don ya cire shi, amma hayaƙi da dalma sun taru a ciki sun kama shi kamar tare aka ƙera su. A jikin ƙarfen akwai tabon dutse inda ya yi ta duka.

Na ɗiga masa ruwa. Ya buɗe ido ya dube ni.

"Na kira."

"Ba mu ji ba, Yaya."

"Na sani."

A kan ƙyauren ɗaki aka fito da shi. Wani direban motar yashi ya tsaya ya ɗauke mu zuwa asibiti a Talata Mafara. Ina riƙe da kansa a cinyata, ina maimaita masa kalmar shahada, leɓensa na bi. Kafin mu shiga gari ya daina bi. Ban yi kuka ba. Abin da nake tunawa shi ne yashin da ya rage a bayan motar yana ƙona mini gwiwa, kuma ban gyara zama ba.

Baturen ya zo gaisuwa, ya cire hularsa, ya tsaya a rana har aka ba shi tabarma. Na miƙa masa bindigarsa. Yana magana da tafinta hannunsa na murɗa takunkumin, da alama bai ma san yana yi ba. Takunkumin bai motsa ba. Tafinta ya ce Bature ya ce ko da an cire, ƙarar wannan bindiga kaɗan ce, daga cikin rami ba lallai ta kai ko'ina ba. Ban san abin da ake yi da irin wannan magana ba. Na ce mun gode.

Matar yayana ta shiga takaba. Wasa ya ƙare tsakaninmu, sai gaisuwa. Bayan ta fita takaba, wata safiya ta zo bakin zaure da tsohuwar bindigar a hannu.

"Malam, so nake a kai ta ramin a harba. Ni zan zauna gida."

Na ce mata ajali ba ya jiran ƙarar bindiga, abin da Allah ya rubuta ya riga ya bushe.

"Ban ja da Allah ba, Malam. So nake in sani kawai."

Na nemi wani tsohon maharbi, abokin yayana, na gaya masa. Bai tambaye ni dalili ba. Muka tafi da hantsi, na riƙe masa igiya ya sauka. Ya ɗura, ya ɗaga bakinta sama ya harba. Hayaƙi ya cika ramin, ƙasa ta zubo daga bango. Ya sake ɗurawa a hankali, ya sake harbawa.

Ina cikin jawo shi sai na hango mutane. Daga gonar shinkafa suke fitowa, wasu daga hanyar ruwa, da gudu, wani da shebur a hannu, wani ba hula. Mutanen garinmu ne na dā, waɗanda suka koma leburanci. Ban yi tunanin wannan ba sam. Suka iso suna haki, suna tambayar wa ya faɗa. Tsohon ya gaya musu. Suka tsaya a bakin ramin suna kallon ciki. Wani ya ce, "Allah shi jiƙan shi." Muka amsa. Suka juya suka koma bakin aikinsu ɗaya bayan ɗaya.

Na tarar da ita a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai.

"Kin ji?"

"Na ji. Duka biyun."

Ba ta ɗago ba. Na tsaya da bindigar a hannu, ina jiran ta ce wani abu, ko ta gaya mini inda zan ajiye. Ta ci gaba da tsintar tsakuwa tana jefarwa gefe. Da na ga lokacin azahar ya yi, sai na jingine ta a bangon zaure na je na yi alwala.