Buhunan da Baban Yagana ya ƙi faɗin masu su

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Baban Yagana, amma har yau in na rufe ido tafin hannunsa nake gani, jawur da tattasai, kamar ranar da na fara hango shi a kasuwar Diffa. A littattafan soyayyar da nake karantawa masoyi da turare yake zuwa. Nawa atishawa ya sa ni, na kuma so shi a haka.

Mai ajiya ne. Manoman bakin kogin Komadugu kan kawo masa busasshen tattasai, kowa ya ɗaura ƙyallen zanensa a bakin buhu, ba takarda, sai amana. Da rikici ya tashi aka hana cinikin tattasai, don an ce 'yan daji na samun kuɗi da shi, mutane suka gudu suka bar masa kayansu. Masu bincike suka tarar da mangaza, ɗakin ajiyarsa, cike a hannun mutumin da ko babur ba shi da shi. Ban ga laifin tambayarsu ba: ina ya samu?

Amsa ɗaya za ta fid da shi, sunayen masu kayan. Amma a lokacin duk wanda aka ambata daga bakin kogi sai an ɗauke shi.

"Ka faɗa mana, Malam," na roƙe shi a gidan kaso.

"Hajja, buhu kaɗai suka ba ni ajiya, ko har da wuyansu?"

Aka garƙame mangaza, damina ta ruɓar da kayan. Ya fito daga kaso da ciwon tarin da bai bar shi ba.

Yau ina jin a rediyo cewa alƙali na iya riƙe dukiyar da ake zargi, ya bi sawunta, ya kuma ɓoye sunan mai shaida. Da yana raye, na san zai yi murmushi ya ce an yi gyara, sai dai ihu ne bayan hari. Ba na ƙin a binciki haram. Fatana doka ta koyi karanta ƙyalle.

Bara wata tsohuwa, Ya Falmata, ta zo daga Baruwa. Ta koma gonarta, ta sake shuka. Ta ajiye buhu a zaurena da koren ƙyalle a bakinsa. Na ce mata mai ajiyar ya rasu.

Ta ce, "Na sani, 'yata. Gidan bai rasu ba."