Rigar Buhu Uku ta Odessa Pruitt

Shekara ashirin da shida Odessa Pruitt ta yi tana gyaran tufafi a kantin Misis Culpepper. Ta san awon ƙugun kowace mace a garinmu, amma ta mutu ba ta faɗa wa kowa ba. Ni kuwa Zelpha, maƙwabciyarta a ƙauyenmu na kudancin Missouri, ba a yi bakina don rufewa ba, don haka ga yadda ta samu aikin.

A bazarar 1949 tarakta ta kife da mijinta Hollis, ta karya masa ƙugu. Dama ko da lafiyarsa ba mai gaggawa ba ne, sai ga shi ya samu dalili. Likita ya ce shi da noma har abada. In Odessa ba ta samu aiki a gari kafin kaka ba, gonar sai sayarwa. Misis Culpepper tana neman mai gyara, kuma sharaɗinta ɗaya ne: ki zo Juma'a da safe sanye da rigar da kika ɗinka, ta juya cikinta waje ta duba.

Yadin kanti ba na Odessa ba ne a wannan shekarar. Namu yadin shi ne buhun abincin kaji, na auduga mai zanen furanni, a warware shi a wanke a goge. Buhu huɗu ke ba da riga. Odessa uku gare ta, shuɗi da ƙananan furanni rawaya. Na zaga matan cocinmu da ƙyalle a hannu ina neman na huɗu, kowacce ta zazzage adakarta, babu irinsa.

Takardar yanka kuwa ta gidan waya ta iso. A bayan ambulan an zana wata mai ƙugu kamar sandar tsintsiya, wadda da gani ba ta taɓa ɗaukar bokiti ba. A ciki ga takardu marasa kauri, kowane sashen riga da tasa, a kafa a kan yadi da fil a bi da almakashi.

Ranar Laraba da rana muka shimfiɗa buhunan a teburin kicin.

"'Yar nan, takarda ta ce huɗu," na ce.

"Takarda ba ta da kaji, Goggo. Riƙe mini nan."

Ta jefar da hannayen rigar, ai zafi ake yi. Ta rage faɗin siket da taƙi biyu. Ta yi ta juya takardun tana kauce wa layin hudar da zaren buhu ya bari a gefe, don matan gari suna hango wannan layin sun san daga ina kika fito. Saboda ƙarancin yadi ba ta ninka shi biyu ba kamar yadda aka saba, sai ta riƙa yanka ɗaya bayan ɗaya. Gaban rigar gida biyu ne, hagu da dama, maɓallai a tsakiya. In kin yanka hagu, sai ki kifa takardar kafin ki yanka dama.

A daidai nan nake ba ta labarin hular matar fasto, wadda akuya ta bi har ƙofar coci. Odessa tana dariya tana yanka. Da ta ɗaga sassan biyu ta haɗa su a ƙirjinta, dariyar ta tsaya. Hagu ne da hagu.

Ta juya ɗaya. Bayan buhu fari ne fat, zanen bai ratsa ba. Abin da ya rage a tebur ƙyalle biyu ne, ba wanda ya kai rabin gaba.

Daga ɗaki Hollis ya ce, "Odessa, lafiya? Na ji Goggo Zelpha ta yi shiru."

"Kwanta abinka, ba komai," in ji ta.

Na ce, "Laifina ne. Bari in je gidan Misis Culpepper in roƙa miki sati ɗaya."

"Ki ce mata me? Mai neman aikin ɗinki ba ta san hagu da dama ba? Akwai mata biyu a gari da ke jiran in fasa."

Ta daɗe tana kallon ƙyallayen. Sannan ta jera su gefe da gefe, tana matsar da ɗaya a hankali har rabin fure ya sami ɗan'uwansa. Ta haɗa su ta fitar da gaban dama, ɗinkin ya tashi daga kafaɗa zuwa ƙugu, a fili kamar tabon wuƙa. Sai ta yi siririn ninki uku a tsaye, na tsakiya ya hau kan haɗin ya rufe shi. Dole hagu ma ya samu nasa ukun, kuma kowane ninki cin faɗi yake. Duk ranar Alhamis tana kan keken ɗinki tana satar yadi daga ɗinkin gefe, har ba abin da ya saura sai abin da zare zai kama.

Da ta gwada na ce, "Ta yi kyau. Sai dai ki zaɓa, ko numfashi ko maɓalli."

"Zan yi numfashi ranar Asabar."

Juma'a na kai ta a tsohuwar a-kori-kurar marigayi mijina, tana zaune ƙiƙam kamar ta haɗiye sanda, duk ramin da muka faɗa sai ta dafe ƙirji. Misis Culpepper, doguwa mai tabarau a rataye, ta tura Odessa bayan labule ta karɓi rigar. Ta juya cikinta, ta bi kalmasa da babban yatsa, ta bi wuya, ta ja ɗinkin gefe da ƙarfi. Sai yatsan ya tsaya a kan haɗin.

"Wannan fa, Misis Pruitt?"

Na buɗe baki zan kawo hular matar fasto, muryar Odessa ta riga ni daga bayan labule.

"Hagu na yanka sau biyu, Misis. Buhu uku gare ni."

Misis Culpepper ta mayar da rigar daidai, ta sa tabarau, ta fita da ita bakin ƙofa inda rana take. Ta duba dama, ta duba hagu, ta sake komawa dama. Sai da ta zura hannu ta ciki ta lalubo, sannan ta gane wane ninki ne ke ɓoye da haɗin.

Ta miƙa rigar ta saman labule.

"Duk abin da ake kawo mini nan wani ne ya riga ya ɓata shi," ta ce. "Litinin, ƙarfe takwas. Ki zo da almakashinki." Ta dube ni ta saman tabarau. "Tsohuwar kuma ki bar ta a gida."